Simoka mai akwatin wuta a gefe: tambayoyin da ake yawan yi min kafin a saya

Tun babbar sallar da na kyafa ƙirjin sa da karfatar rago a gidana nan gefen birnin Houston na jihar Teksas a Amurka ƴan uwa suka ci, wayata bata huta ba, wannan ya kira wancan ya turo hoton simoka, wato murhun kyafa nama, daga kanti yana cewa in duba masa ko ya saya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi yasa na ce bari in zauna in haɗa su waje guda. Maganar ƙarami nake yi, na tsakar gida wanda iyali da ƴan baƙi zasu ci, ba irin manyan nan na gidajen abinci da ake ja da mota ba.

Wai shi wannan abin mene ne, da me ya bambanta da ragar gashi da muka sani?

Abu uku ne aka haɗa. Akwai ganga a kwance wadda naman ke zama ciki kan raga, akwai ƙaramin akwati manne a gefenta ya ɗan yi ƙasa da ita, nan ake hura wuta, sai bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen. Wuta bata ƙarƙashin nama sam. Bututun ne ke jan iska, zafi da hayaƙi su taso daga akwatin su ratsa ta kan naman su fita ta can. Mutanen nan ofset suke ce masa saboda wutar a gefe take, mu a gida simoka kawai muke cewa.

Mai tsire da mai balangu wuta ce ke dukan naman kai tsaye, cikin ɗan lokaci an gama. Wannan kuma ya fi kusa da banda, amma shi ma da bambanci, don mai banda so yake kifi ko nama ya bushe ya daɗe bai lalace ba, nan kuwa so ake naman yayi laushi har ka ja shi da yatsa ya rabu kuma ruwan jikinsa na nan. Zafin da ake aiki da shi tsakanin digiri 107 ne zuwa 135 a ma'aunin Salshiyas, wato 225 zuwa 275 a Faranhait da ake amfani da shi a Amurka, kuma a haka za a yi awanni.

A ina aka samo shi?

Teksas da Oklahoma. Shi kyafa nama a hankali tsohon abu ne a tsakiyar Teksas, mahauta ƴan asalin Jamus da Cek ne suka riƙa yi a murhun bulo don kar ragowar nama ya lalace musu, kasuwar nama ta Kreuz a garin Lockhart tun 1900 take kuma har yau tana ci. Na ƙarfen nan kuma masu walda na filayen mai ne suka yaɗa shi, da guntayen bututun mai da tsofaffin tankuna suke ƙerawa, shi yasa har gobe siffarsa ta bututu ce. Joe Davidson ya fara sayar da nasa a 1987 da sunan Oklahoma Joe's, daga baya Char-Broil suka sayi kamfanin. Wanda ya ƙara haukata mutane da abin a shekarun nan shine Aaron Franklin da ya fara sayar da nama a Austin a 2009, har yanzu layi ake bi tun da safe a wajensa.

Malam idan naje kanti me zan fara dubawa?

Kaurin ƙarfe. Kafin girma, kafin fenti mai sheƙi, kafin sunan kamfani, kafin ma kuɗi, ka tambayi kaurin ƙarfen. Idan ka manta duk abin da na rubuta a nan ka riƙe wannan.

Na farkon da na saya a wani babban kanti ne, a kwali ya zo na ɗaure shi da noti da kaina, yana da girma a ido kuma kuɗinsa bai kai dala 300 ba. Ranar da na fara hura shi ina tsaye ina kallon hayaƙi na tsiyaya ta duk kewayen murfin da ta wajen da akwatin wuta ya haɗu da gangar, wanda ke fita ta bututun ma bai kai rabi ba. Fentin akwatin wutar a ranar ya kumbura ya fara ɓarewa. In na sa faskare ɗaya allurar ma'aunin zafi ta haura digiri 170, in na juya na shiga ɗaki na yi alwala na fito ta sauko 90, ranar da aka ɗan yi yayyafi kuwa zafin ya faɗi gaba ɗaya kamar an kashe wutar. Naman da ya kamata ya gama la'asar sai bayan isha'i, kuma gefe ɗaya ya ƙone gefe ɗaya da saura. Shekara biyu bata cika ba tsatsa ta huda ƙasan akwatin wutar, garwashi na zubowa kan siminti. Abin ya min ciwo sosai don naman da na ɓata a cikinsa ya fi kuɗin murhun.

Dalilin a fili yake, ƙarfe mai kauri yana shan zafi ya riƙe, in wuta ta ɗan ja baya shi ne zai ci gaba da ba naman zafi, in ta tashi da yawa shi ne zai shanye. Siririn ƙarfe kuwa ba abin da yake riƙewa, duk abin da wuta tayi a take naman zai ji, duk iskar da ta kaɗa ma haka.

Wanda ake so shine kwatan inci, wato wajen milimita 6. Mai milimita 5 ma yana da kyau sosai. Milimita 3 shine ƙarshen abin da zan ce wa ɗan uwa ya saya, ƙasa da haka ka bar musu kayansu. Kuma ka kula da wata dabara, wasu basa rubuta inci sai su rubuta geji, shi kuma geji in lambar ta ƙaru ƙarfen raguwa yake, geji 10 wajen milimita 3.4 ne, geji 12 wajen 2.7, geji 14 bai kai milimita 2 ba. In basu rubuta komai ba to akwai abin da suke ɓoyewa, sai ka ɗaga murfin da hannu ɗaya, mai kyau zakaji nauyinsa a kafaɗarka, ka ƙwanƙwasa da ɗan makulli, mai kauri ƙararsa a dunƙule take, siriri kuma kamar ka bugi kwanon rufi.

To kuɗin fa? Naga wasu sun haura dala dubu

Eh sun haura, masu kwatan inci da aka yi wa walda gaba ɗaya yawanci daga wajen dubu suke farawa su yi sama, irin na kamfanonin Yoder na Kansas da Horizon na Oklahoma da Lang na Jojiya. Akwai Old Country da ake samu a kantunan Academy a nan kudu, samfurinsu Brazos kwatan inci ne kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi a wannan ajin. Ni shawarata in kuɗinka bai kai ba ka ƙara haƙuri ka tara, ko ka nemi na hannu mai kauri, ko ka rage girman. Ƙarami mai kauri ya fi babba siriri nesa ba kusa ba, kuma mai kaurin in ka kula da shi ɗanka ma zai gada.

Wane girma ne zai ishi gida mai mutum takwas zuwa goma?

Ana auna su da faɗin bututun da tsawonsa. Ƙananan sune inci 16, sai inci 20, sai 24 wanda ya fara zama babba. Ni inci 20 a faɗi da tsawon inci 36 zuwa 40 nake ba mutane shawara, wato kusan rabin mita a faɗi mita ɗaya a tsawo. Zai ɗauki ƙirjin sa guda biyu, ko kaji shida, ko rabin rago in an sassara.

Mutane suna ɗauka ƙarami ya fi sauƙin sarrafawa, ba haka bane wallahi. Inci 16 ƴar mitsitsiyar wuta yake so, faskare ɗaya in ya ɗan yi girma zafi ya wuce misali, in kuma ka rage wutar da yawa ta mutu ta koma hayaƙi. Sannan ka tuna ba duk ragar ce ke amfani ba, wajen da ke dab da bakin akwatin wuta zafinsa yayi yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ragar ba za ka ajiye babban nama a wurin ba sai dai kwanon ruwa ko fukafukan kaji. Shi kuma ƙirjin sa cikakke kilo 5 zuwa 7 ne kuma tsawonsa ya kusa rabin mita. Akwatin wutar shi ma ka duba, maƙera suna lissafin ya zama kamar sulusin cikin gangar, in ya cika ƙanƙanta itace ba zai samu iskar ci ba.

Kar a manta nauyi. Mai kwatan inci a wannan girman zai yi kilo 150 ko fiye, ba abin da mutum ɗaya zai sauke daga mota bane, mu huɗu muka shigo da nawa ta ƙofar gefe kuma sai da muka shimfiɗa katako kan ciyawa don tayoyin na nutsewa.

Banda kauri sai me?

Bututun hayaƙi, ka duba inda ya shiga gangar. Mai kyau daidai saitin raga yake shiga, don hayaƙi ya bi ta kan naman kafin ya fita. In a saman murfi aka huda shi, zafi zai bi sama ya gudu ya bar naman a ƙasa. Faɗinsa kar ya gaza inci 4, inci 5 ma ya fi, kuma ya zama da tsawo don tsawon ne ke ƙara masa ƙarfin jan iska.

Sai walda, wanda aka yi wa walda ya fi na noti don noti yana barin kafa. Ka rufe murfin ka zagaya ka ga ko ya zauna daram. Akwatin wuta ya zama yana da ƙofa a gefe wadda zaka buɗe ka sa itace ka kwashe toka, ba murfin sama kaɗai ba. A ƙasan gangar can wajen bututu a samu ramin da kitse zai tsiyaye cikin bokiti, in babu shi wata rana maiƙo zai gangara wajen wuta ya kama. Tayoyi manya na ƙarfe. Ma'aunin zafin da ke jikin murfi kuma kar ka dogara da shi, a sama yake, naman kuma a ƙasa, bambancin kan kai digiri 15 ko fiye, ka sayi na lantarki mai waya biyu, ɗaya ka maƙala a raga ɗaya ka soka a nama.

Naji ana maganar wani mai juya hayaƙi, shi ya fi?

Wannan an shimfiɗa farantin ƙarfe ne ƙarƙashin raga tun daga bakin wuta har kusan ƙarshen gangar, hayaƙi ya bi ta ƙasa ya je can ya juyo ta kan nama, shi yasa bututunsa yake gefe ɗaya da akwatin wuta. Lang ne suka yi suna da shi. Zafinsa ya fi daidaita daga wannan gefe zuwa wancan, sabon shiga zai ji daɗinsa. Amma ya fi nauyi, ya fi wuyar wankewa, iska bata gudu a cikinsa kamar na gargajiyan. Ni na gargajiyan nake so don ɓawon naman ya fi yin kyau kuma ina amfani da gefen mai zafi in ina son fatar kaza ta soyu, amma duk wanda ka samu mai kauri a cikinsu ba ka yi asara ba.

Wane itace ake sawa?

A tsakiyar Teksas itacen oak suke ji da shi, musamman wanda suke kira post oak, yana ci a hankali hayaƙinsa ba ya hawa kai. Akwai hikori mai ƙarfin ƙamshi, akwai pikan mai ɗan zaƙi-zaƙi, akwai na tuffa da ceri da suka dace da kaji. Meskit kuma zafi gare shi da ƙarfin hayaƙi, in ka yi awa goma da shi kaɗai naman zai iya ɗaci, gara a haɗa shi da wani. Abin da ya burge ni, shi meskit ɗin nan dangin ƙirya ne tamu ta gida, wadda maƙera ke son gawayinta.

Abin da ba a sawa: duk itace mai ƙaro irin su fayin, katakon gini da aka yi wa magani, katako mai fenti, guntayen kujeru da filawud. Wannan ba maganar ɗanɗano kaɗai bace, guba ce zata hau abincin iyalinka.

Kuma ya zama busasshe, wanda aka faskara ya yi wata shida zuwa shekara a ajiye. In ka buga biyu da juna ka ji ƙara ƙwal to ya bushe, in ka sa a wuta ka ga kumfa na fita ta bakinsa yana tsuwa ɗanye ne. Ga ƙaramin murhu sai ka sake faskara wanda ka sayo, tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari, kaurin kamar damtsen yaro. Yawancin matsalar da mutane ke kira na a kai, in na bincika sai in tarar gungume suke cusawa a ɗan ƙaramin akwati.

Zan iya amfani da gawayi kawai in huta?

Zaka iya, amma to me yasa ka sayi wannan? Gawayi da shi ake fara wuta, ka kunna cikin gwangwani ɗaya ka zuba ya zama gadon garwashi, daga nan sai itace. Ɗanɗanon da ake nema daga harshen wutar itace yake zuwa. In gawayi kake so da ƴan guntayen itace a kai akwai murhun da aka yi don haka kuma sun fi arha, zan zo kansu.

Yaya, naman da maigidana yayi baƙi ƙirin kuma yana ɗaci har harshe na kamawa, me ya jawo?

Hajiya hayaƙin ne bai da kyau, kuma kusan kowa da haka ya fara. Mu mun saba in an ce hayaƙi to a ga ya turnuƙe, sai mutum ya rufe ƙofar wuta ya toshe bututu wai don hayaƙi ya kama naman sosai. Wutar da aka hana iska bata ci, cin-cin take tana fidda farin hayaƙi mai kauri, shi ne ke shafa wa nama wannan baƙin maiƙon mai ɗaci da ƙauri.

Ki ce masa ya bar bututun a buɗe gaba ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ƙofar akwatin wuta ma a ɗan buɗe, ya yi ƴar ƙaramar wuta mai harshe wadda ke ci da kyau. Da girman wuta ake daidaita zafi, ba da shaƙe ta ba. Hayaƙin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokacin sai kin ƙura ido zaki gan shi, sai dai ki ga iska na rawa a bakin bututun. Wata dabarar kuma, ya riƙa ɗora faskaren da zai sa gaba a saman akwatin wuta ya ɗumama, yana sa shi zai kama nan take. Kuma kar ya jira garwashi ya cinye kafin ya ƙara, in gadon garwashin ya mutu sabon itace hayaƙi kawai zai yi ta yi.

Gaskiya nawa ne lokacin da abin ke ci?

Yini guda. Ƙirjin sa awa 10 zuwa 14, haƙarƙarin sa 7 zuwa 9, karfatar rago wajen 6 ko 7, kaji 3. Kuma duk minti 25 zuwa 45 sai ka ƙara itace, ba wai ka kunna ka tafi kasuwa bane. Ni in zan yi ƙirji kafin asuba nake hura wuta, in yi sallah a gida ranar, in dawo in zauna da butar shayi gefen akwatin, kuma gaskiya wannan zaman shine rabin abin da nake so a harkar, gari shiru, ƙamshin oak, yara in sun tashi su fito suna miƙo min faskare.

Wanda aikinsa bai bar shi ba, ko zaman ba ya burge shi, dan Allah kar ya saya don ya ga nawa. Akwai mai amfani da ƴan dunƙulen garin itace da lantarki, ka saita lamba ka tafi. Akwai murhun kamfanin Weber mai siffar tulu da na ganga a tsaye masu gawayi da zasu yi awanni ba ka taɓa ba. Duk suna fidda nama mai daɗi. Na san gidaje biyu da simoka mai tsada ke zaune an lulluɓe da tampol tun bayan amfani na biyu.

Ina Kaduna, in kai wa mai walda hoto ya ƙera min?

Sosai ma, asalinsa ma ai haka aka fara, kuma zai fi maka arha nesa da a yo maka odarsa. Ka nemi guntun bututun ƙarfe mai kauri ko tankin kwampreso a wajen ƴan gwangwan, ka bi lissafin da na faɗa a sama, akwatin wuta sulusin ganga, ya zauna ƙasa yadda samansa zai zo kusan saitin raga, bututu inci 4 ko 5 a saitin raga. Ka tsaya a kansa don in ka bar shi zai huda bututun a sama ne kamar yadda ya saba.

Abu uku ka kiyaye. Duron mai na yau da kullum siriri ne, in dai akwatin wuta ne ba zai daɗe ba, kuma wanda ba ka san abin da aka zuba a ciki ba ka bar shi, wasu na sinadari ne. Ƙarfe mai rufin zin irin na kwanon rufi da bututun ruwa kar ya shiga aikin, in ya yi zafi hayaƙinsa na sa ciwo. Tsohuwar tukunyar gas kuma tana da kyau amma yanka ta haɗari ne babba, ko ta daɗe ba komai a ciki tana iya fashewa, sai an cire kan an cika ta da ruwa, kuma wanda ya saba ne zai yi.

Itace a gida akwai marke da ƙirya da tsamiya da rassan mangwaro da gwaiba da aka sassabe. Darbejiya da turare ka bar su, ɗanɗanonsu ba zai maka daɗi ba, tinya da tumfafiya kuwa ko kusa. In da hali ka nemi reshen da aka rage a lambu, dajin namu ya sha sara ya ishe shi.

Na samu na hannu da arha amma mai shi naman alade yake yi a ciki

Wannan tambayar duk musulmin da ke nan sai ya yi ta, don alade ya yi yawa a gashin Amurka, Teksas ce ma ta fi karkata ga sa. Abin da na ga ƴan uwa na yi, su kankare cikin tas har sai ƙarfe ya fito, su wanke da ruwa da sabulu, su hura wuta mai ƙarfi ta cinye sauran maiƙon, su jefar da ragar su sa sabuwa. Hukuncinsa ka tambayi malaminku, in kuma zuciyarka bata kwanta ba ka bar shi, ba daɗi kana ciyar da baƙi kana wasiwasi. Ta ɓangaren ƙarfe kuma ƙasan akwatin wuta zaka duba, ka danna da sukundireba, tsatsar sama ba komai bace ana gogewa, amma in ƙarfen na ɓarewa falle-falle ya gama.

Da wane nama zan fara?

Cinyoyin kaji, suna da arha kuma suna yafiya, ka koyi wuta a kansu sau biyu ko uku, ka tabbata cikinsu ya kai digiri 74. Daga nan karfatar rago, sannan ƙirji. Naman da ya dace shine mai kitse da jijiya, wanda in ka gasa a raga zai yi tauri, don doguwar wutar ce ke narkar da jijiyar ta koma kamar romon ƙafar sa a cikin naman. Shanun gida basu da kitsen na nan, ƙirjinsu zai iya bushewa, to amma muna da tozo, wanda ya kyafa tozo awa bakwai ya ci zai ba ni labari, mutanen Burazil ma suna ji da shi a gashinsu.

In cikin nama ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 zai tsaya cak, awa biyu uku allura bata motsi. Ba abin da ya lalace, gumi naman ke yi yana sanyaya kansa. Ka naɗe shi a takardar mahauta ko ta alminiyam ka mayar, ka sauke in ya kai 93 zuwa 96 kuma tsinke na shiga ba turjiya, sai ka sa a kula ya huta awa ɗaya ko biyu kafin wuƙa ta taɓa shi. Gishiri da masoro kawai ƴan Teksas ke sawa, ni ma haka, yajin tsire kuma sai an yanka nake barbaɗawa don ƙulin da ke ciki in ya yi awa goma a hayaƙi yana caɓewa.

Zaka ga wani jan zobe a ƙarƙashin ɓawon naman, a kaza ma har ya fi fitowa. Wata gwaggonmu da ta zo ziyara ture farantin tayi ta ce ba za a ba ta ɗanyen nama ba, sai da na kawo ma'auni na soka a gabanta. Iskar da wutar itace ke fitarwa ce ke haɗuwa da jan launin nama ta kama shi, ba jini bane.

Na sayo, me zan yi kafin in sa nama, kuma ya zan hana shi tsatsa?

Ka wanke cikin, ka shafe shi da man girki ciki da waje har raga, ka hura wuta awa uku ba komai a ciki. Wannan zai ƙone man masana'anta ya kuma yi wa ƙarfen baƙin rufi kamar na tsohon kaskon suya, a nan ne kuma zaka ga inda hayaƙi ke tsiyaya da yadda allura ke yi in ka sa faskare ɗaya. Bayan kowane gashi in toka ta huce ka kwashe ta, toka in ta sha raɓa ita ke cin ƙasan akwati. Fentin akwatin wuta dole zai ƙone ko na dala dubu nawa ne, sai ka riƙa shafa masa mai da tsumma yana da ɗumi.

Wajen ajiyewa kuma fili, kan siminti ko tsakuwa, nesa da bango da shingen katako da wajen wasan yara, don akwatin nan in yaro ya dafa fatar hannunsa zata tashi. Kar a taɓa hura shi cikin gareji don ana ruwa, ko da an buɗe ƙofa, iskar gawayi bata da wari kuma tana kisa. Masu zama a gidajen haya na bene su duba takardar hayarsu tukunna, yawanci an hana wutar itace da gawayi a baranda. Ka lura da inda iska ke kaɗawa a gidanka ka juya bututun yadda hayaƙi ba zai shiga tagar maƙwabci ba, in an sauke kuma ka yanka masa nasa ka aika yaro ya kai.